Yadda ake karanta hatimai da alamomin tsohuwar bindiga mai baki biyu

A garuruwan gaɓar tafkin Kainji, tun daga Warra, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski, har zuwa Yelwan Yauri, ba a rasa gidan da ke ajiye da tsohuwar bindiga mai baki biyu da aka gada daga kaka maharbi, ko tsohon ma'aikacin En'e, ko attajirin da ya saye ta don harbin kirinjijiya da dinya da zabin daji. Idan mai ita ya rasu, magada kan tarar da tambayoyi uku a gabansu: ina aka ƙera ta, yaushe, kuma wane irin harsashi za ta iya ɗauka ba tare da ta fashe a hannun mai harbi ba. Yawancin amsoshin suna jikin ƙarfen, a wani wuri da mutane da dama ba su taɓa dubawa ba, wato ƙarƙashin bututun. Sunan da aka zana a sama yana iya yaudara, amma hatiman da gidajen gwaji na hukuma suka buga a ƙasa su ne shaidar da masana ke dogaro da ita.

Bindigar Mungo Park a Yauri

Ƙasar Yauri tana da daɗaɗɗen labari da irin wannan bindiga. Mungo Park, ɗan Sikotlan mai binciken Kogin Kwara, ya ratsa Yauri a farkon 1806 kafin ya hallaka a Busa, tsohon garin da ruwa ya shanye bayan kammala madatsar Kainji a 1968. A tsakiyar 1830, 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka iso Yauri suna neman takardunsa. A littafin tafiyarsu da aka buga a 1832, sun ba da labarin wani dattijo Balarabe na kusa da Sarki wanda ya nuna musu takobi da wata kyakkyawar bindiga mai baki biyu, ya ce suna cikin kyautar da Park ya bai wa Sarkin Yauri. Suka yi musayarta da tasu bindigar harbin tsuntsaye bayan Sarki ya amince. Bindigar ba ta kai Ingila ba, domin ta salwanta a watan Nuwamban wannan shekarar lokacin da aka far wa kwalekwalensu a kudu, a yankin Asaba na yanzu.

Abin da ya danganta wannan bindiga da Park maganar baki ce. Da za ta bayyana a yau, hatimanta ne za su gaskata labarin ko su ƙaryata shi. Alal misali, da za a ga hatimin gidan gwaji na Birmingham a jikinta, da labarin ya shiga kokwanto, domin sai a 1813 aka kafa wannan gida, shekara bakwai bayan mutuwar Park. Haka ake auna duk wani labarin gado da ke biye da tsohuwar bindiga.

Akwai kuma dalilin da ya sa mai baki biyu ta zama abin alfarma a wannan yanki. Yarjejeniyar Brussels ta 1890 ta taƙaita shigo da bindigogin zamani cikin mafi yawan Afirka, ta bar wa kasuwa bindigogi masu ƙanƙara da baƙin albarushi. Talaka ya riƙe bindigar toka, ita kuwa mai karyewa a tsakiya a sa mata harsashi ta baya sai mai izinin hukuma.

Inda alamomin suke

Kafin komai, a karya bindigar a tabbatar babu harsashi a cikinta, bakinta kuma yana kallon inda babu kowa. Daga nan a cire katakon gaba da ke ƙarƙashin bututu, a tura makullin da ke sama, a ɗaga bututun biyu su rabu da uwar ƙarfen. Wurare huɗu ne ake dubawa. Na farko shi ne shafaffen wurin da ke ƙarƙashin bututu daga baya, inda hatiman gwaji suka taru. Na biyu shi ne shimfiɗar uwar ƙarfen da bututun ke kwanciya a kai. Na uku shi ne doron da ke tsakanin bututun biyu daga sama, inda ake zana suna da adireshi. Na huɗu shi ne ƙarfen katakon gaba da ƙarfen da ya kewaye kunama, inda ake maimaita lambar bindiga.

Danshin bakin ruwa da yawan shiga kwalekwale sukan sa tsatsa ta rufe rubutun. Kuskuren da aka fi yi shi ne gurzawa da sanfefa ko toka da yashi, wanda ke shafe hatimin har abada. Abin da ya dace shi ne a shafa mai, a bar shi ya kwana, a goge da tsumma, sannan a goga alli a kan wurin domin rubutun ya fito fari. Hoton waya da aka ɗauka da hasken tocila daga gefe yakan nuna abin da ido bai gani ba.

Lambar da ke jikin bututu ya kamata ta zo daidai da ta uwar ƙarfe da ta katakon gaba. Idan suka saɓa, an haɗa bindigar ne daga sassan bindigogi daban-daban, kuma hatimin gwajin ba ya ba da shaida a kan haɗin.

Mene ne hatimin gwaji

A yawancin ƙasashen Turai masu ƙera makamai, doka ta hana sayar da bindiga sai an kai ta gidan gwaji an harba ta da albarushi mai ƙarfi fiye da na yau da kullum. Idan bututun bai fashe ba, bai kumbura ba, sai a buga masa hatimi. Da yake ƙa'idojin gwajin suna sauyawa daga lokaci zuwa lokaci, siffar hatimin tana nuna ƙasa, tana kuma nuna tsakanin shekarun da aka yi gwajin. Amurka ba ta da gidan gwaji na gwamnati, kamfanoninta su ke gwada kayansu. Nijeriya ma ba ta cikin ƙungiyar ƙasashen da ke amincewa da hatiman juna, wadda ake kira CIP.

Hatiman Ingila

Gidajen gwaji biyu ne a Ingila. Na Landan ya samo asali daga izinin da aka bai wa ƙungiyar maƙeran bindiga a 1637, kuma alamominsa su ne kambin sarauta a kan haruffan GP, da kambi a kan V. Na Birmingham, daga 1813 zuwa 1904, yana buga sanduna biyu na sarauta a gicciye da kambi a samansu. Daga 1904 ya koma kambi a kan BP da BV, da kambi a kan NP ga bindigar da aka gwada da albarushi marar hayaƙi. Daga tsakiyar shekarun 1950 aka haɗe su zuwa kambi a kan BNP. A Landan, alamar albarushi marar hayaƙi ita ce hannu riƙe da takobi a kan NP.

Wasu kalmomi suna taimakawa wajen ƙididdige shekaru. Rubutun NOT FOR BALL, mai gargaɗin kada a harba dunƙulallen harsashi saboda bakin a matse yake, an yi amfani da shi daga 1875 zuwa 1887 kawai. Bayan nan kalmar CHOKE ta maye gurbinsa. Tun daga 1925 aka fara buga tsawon mazaunin harsashi, kamar 2½ ko 2¾ na inci. Daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1989 ana rubuta faɗin bututu da lamba irin .729, da ƙarfin gwaji irin 3 TONS ko 3¼ TONS. Bayan 1989 aka koma milimita da BAR. Wasu ƙananan takubba biyu a gicciye masu harafi a tsakani, waɗanda Birmingham ta fara bugawa a 1921, suna nuna ainihin shekarar gwaji ga wanda ke da jadawalinsu. Kambi a kan R yana nufin an sake gwada bindigar bayan gyara, kalmar SLEEVED kuma tana nufin an yanke tsoffin bututun an dasa sababbi.

Hatiman Beljiyam da sunayen aro

Birnin Liège na Beljiyam ya cika kasuwannin duniya da bindigogi, masu tsada da masu araha, kuma Afirka ta Yamma ta sami kaso mai yawa. Babbar alamarsa ita ce haruffan ELG da tauraro a cikin da'ira mai siffar ƙwai. Idan da kambi a saman da'irar, an yi gwajin ne daga 1893 zuwa gaba. Ana kuma ganin wata ƙaramar alama mai kama da hasumiya, wadda hoton ginshiƙin tarihi ne na birnin. Zaki a kan haruffan PV shi ne shaidar gwaji da albarushi marar hayaƙi. Rubutun NON POUR BALLE na tsakanin 1878 da 1897 ne. Daga 1924 ana buga girma da tsawon mazauni tare, kamar 12-65 ko 12-70, a cikin alama mai kama da kofaton doki. Harafi da tauraro a kansa alamar jami'in da ya duba ce, ba ya nuna shekara.

A kan bindigogin Beljiyam ne aka fi gamuwa da sunayen aro. An ƙera dubbai masu araha da sunan W. Richards domin mai saye ya zaci Westley Richards ce, shahararren kamfanin Birmingham da aka kafa a 1812. Wasu ma har da kalmar London a doronsu. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane ba ce: idan sama ta ce Landan, ƙasa kuma ta nuna ELG ba tare da hatimin Ingila ba, bindigar 'yar Liège ce.

Ko a bindigar Ingila ta gaskiya, sunan da ke doro sau da yawa na mai kanti ne. Kantin Army & Navy na Landan, wanda hafsoshi da jami'an mulkin mallaka ke sayayya a cikinsa, bai ƙera bindiga da kansa ba. Maƙeran Birmingham irin su Webley & Scott ne ke yi masa, ya sa sunansa.

Faransa, Jamus, Sifen, Italiya da Rasha

Kusancin Jihar Kebbi da Jamhuriyar Nijar da Binin ya sa bindigogin Faransa ba baƙi ba ne. Gidan gwajinsu mafi girma yana Saint-Étienne, alamarsa ganyen dabino biyu a gicciye tare da sunan birnin. Haruffan PT suna nuna gwaji da albarushi marar hayaƙi, lambar 65 ko 70 kuma tsawon mazauni ce. Kamfanin Manufrance na wannan birni shi ne mai Robust mai baki biyu da Simplex mai baki ɗaya, waɗanda suka bazu a ƙasashen renon Faransa.

A Jamus, dokar gwaji ta 1891 ta kawo kambi a kan U, da kambi a kan S ga bututu mai santsin ciki, da W ga mai matsattsen baki, da G ga mai zare a ciki. Dokar 1939 ta maye su da gaggafa a kan N. A Sifen, gidan gwaji yana Eibar, a tsoffin bindigogi ya buga ƙarfin gwaji da kilogiram, ya kuma fara nuna shekara da harafi daga A a 1927. A Italiya, haruffan PSF su ne alamar albarushi marar hayaƙi, kuma haruffa biyu a cikin ɗan akwati suna nuna shekara, farawa da AA a 1975. Yawancin bindigogin Tarayyar Sobiyet masu sunan Baikal an ƙera su a Izhevsk, alamar masana'antar kibiya ce a cikin garkuwa. Na birnin Tula suna ɗauke da haruffan TOZ.

Lambobin da suka shafi rai

Lambar 12, 16 ko 20 da ke jikin bututu tana nuna faɗinsa ta wata tsohuwar hanya. Bindiga mai lamba 12 ita ce wadda dunƙulen dalma 12 masu daidai da faɗin bututunta za su yi nauyin fam ɗaya, wato gram 454. Faɗinta kimanin milimita 18.5 ne. Shi ya sa idan lambar ta ƙaru bututun ke ƙanƙancewa: mai lamba 20 ta fi mai lamba 12 siriri.

Tsawon mazaunin harsashi ya fi wannan muhimmanci. Tsoffin bindigogin Ingila da Faransa da Jamus da dama an yi su ne don harsashin milimita 65, alhali wanda ya fi yawa a yau na milimita 70 ne. Ana auna tsawon harsashi ne bayan ya buɗe, don haka na 70 yana shiga mazaunin 65 cikin sauƙi, bindigar ta rufe kamar babu matsala. Sai an harba ne bakinsa ke buɗewa a wurin da bai ishe shi ba, matsin ya ƙaru a kan ƙarfen da ya riga ya tsufa, ga shi kuma an cika shi da albarushin da ya fi wanda aka gwada bindigar da shi.

Haka nan tsohuwar bindigar da ba ta da wata alamar albarushi marar hayaƙi, irin su NP, BNP, zaki da PV, PT, PSF ko gaggafa da N, mai yiwuwa an gwada ta ne da baƙin albarushi kawai. Sa mata harsashin zamani ganganci ne. Hatimin ma shaida ce ta ranar gwaji kawai. Idan tsatsa ta ci cikin bututu, ko wani ya rarake shi don ya share ramukan tsatsa, ƙarfen ya ragu, shaidar ta faɗi.

Siffofin da ba a saba gani ba

Wasu bututu suna da zane mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Wannan shi ake kira ƙirar Damaskus, inda ake murɗa sandunan baƙin ƙarfe iri biyu, a naɗe su a jikin wani sanda, a haɗe su da wuta da guduma. Yana da kyan gani, amma tsatsa kan ɓuya a tsakanin haɗin, kuma yawancinsa na zamanin baƙin albarushi ne. Wani lokaci an rina shi baƙi, sai an duba ƙarƙashin katakon gaba ake ganin zanen.

Bindiga mai guduma biyu a waje, masu kama da kunnuwan zomo, tsohuwar ƙira ce, ko da yake Beljiyam da Tula sun ci gaba da yin ta har cikin ƙarni na 20, don haka kunnuwa kaɗai ba sa tabbatar da tsufa. Mai ɓoyayyiyar guduma da uwar ƙarfe mai siffar akwati ta samo asali daga ƙirar Anson da Deeley, ma'aikatan Westley Richards, ta 1875. Makullin da ke ƙarƙashin kunama, wanda ake juyawa gefe, ƙirar Henry Jones ce ta 1859. Sakata mai zagaye da ke fitowa ta gefen uwar ƙarfe idan an buɗe bindiga ana danganta ta da W. W. Greener. Bindigar Darne ta Faransa kuwa ba ta karyewa ko kaɗan, bayanta ne ke zamewa.

Akwai mai baki ɗaya santsi, ɗayan kuma da zare a ciki don dunƙulallen harsashi, wadda mafarautan kudancin Afirka suka yi yayi. Akwai Paradox, wadda Holland & Holland suka fitar a 1886, mai zare a ƙarshen baki kawai. Irin waɗannan suna bukatar a yi tambaya ta musamman wajen 'yan sanda, domin zaren ciki na iya sauya rukunin da doka ta sa bindigar. Lambar 1 ko 2 da aka zana da zinariya tana nuna cewa tagwaye aka ƙera. Ƙotar da ta ɗan karkata gefe sau da yawa da gangan aka yi ta don ta dace da kafaɗar mai ita. Ɗan faifan azurfa a ƙasan ƙota wurin zana haruffan sunan mai bindiga ne. Wata lamba ta daban da aka buga a kan katako da hannu tana iya zama ta rajista, sai a gwada ta da tsoffin takardun lasisi.

Gyaran gida ma yana da abin da yake faɗa. Fata ko waya da aka naɗe a wuyan ƙota yawanci tana ɓoye tsagewa. Tsawon bututu da aka saba shi ne inci 26, 28 ko 30, kuma idan ya zo da wani tsawo na daban, bakin kuma ba ya da matsewar da hatimi ya ambata, an yanke shi. Idan aka rataye bututun da igiya aka ƙwanƙwasa, mai lafiya yana amo kamar ƙararrawa, wanda doronsa ya saki kuwa yana ƙara kamar fasasshen kwano. Bindigar da ke girgiza a mahaɗarta bayan an rufe ta ta sassauta. Akwai kuma ƙirar maƙeran gida da ake buga wa sunan wata ƙasar waje da haruffa marasa daidaito, ba tare da hatimin gwaji ko ɗaya ba. Babu wanda ya auna ƙarfin bututunta.

Abin da doka ta ce

Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, waɗanda sai da izinin Shugaban Ƙasa; na amfanin kai, waɗanda Sufeto Janar na 'Yan Sanda ke ba da lasisinsu; da masu ɗuri ta baki irin bindigar toka. Mai baki biyu ta harbin tsuntsaye tana rukuni na biyu. Dokar ta hana rage tsawon bututu ya gaza inci 20, ta hana goge suna ko lambar maƙeri ba da izini ba, ta kuma hana sayar da bindigar da ba ta da su. Lasisi na mutum ne, ba a gadonsa tare da bindiga. Idan mai shi ya rasu, wanda kayan ke hannunsa yana da kwana 14 kacal, daga nan sai ya miƙa ta ga 'yan sanda domin ajiya ko ya nemi nasa izinin. A watan Agustan 2023 rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisi, don haka magada su fara da tambaya a ofishin 'yan sanda mafi kusa. Lasisin ma ba ya halatta farauta a Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Kainji, ko ɓangaren Borgu ko na Zugurma.

A wajen rabon gado, ƙiyasta kuɗin bindiga ba tare da karanta hatimanta ba cinikin biri ne a sama. Wata da ake ganin ta tsufa ta lalace tana iya zama ƙirar babban gida, wata mai sunan Landan kuma ta zama ta 'yan kuɗi kaɗan. Abin da ya kamata magada su yi shi ne su rubuta suna da lambar bindiga da tsawon bututu da duk hatimin da suka gani, su ɗauki hotuna, su haɗa da tsohon lasisi da rasit idan akwai, sannan su nemi ma'aikacin makamai na 'yan sanda ko mai gyaran bindiga mai rajista ya auna cikin bututun. Kafin a yi wannan awon, kada kowa ya sa mata harsashi.